Mai Ɗaura Ruwa a Ɗakin Masu Ciwon Daji

Daji ba ya son ƙarfe. Mun tashi mun tarar da wannan magana a Jabo, kuma haka ake faɗarta a Dogon Daji da Sanyinna da ƙauyukan Kebbe. Idan ƙari ya fito wa mace a mama, ko gyambo ya ƙi warkewa a tafin ƙafar dattijo, kafin a ambaci asibiti wani ya ce kul, kada a bari allura ta taɓa shi, fusata zai yi ya bazu. Sai a duƙufa kan jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, wata shida, shekara guda. Ranar da za a haƙura a hau motar Sakkwato, a ratsa Shagari da Boɗinga, akuyoyin gida sun ƙare, ciwo kuma ya ci inda zai ci. Bayan 'yan watanni mai ciwo ya cika, a dawo zaman makoki ana cewa ai dama an faɗa, ƙarfe ne ya taɓa shi.

Idan waɗannan bayin Allah suka isa babban asibiti, likita zai duba sakamakon gwaji, ya yanke irin maganin da za a bayar, ya rubuta, ya kira na gaba, domin layi na jiransa. Wadda za ta zauna da su tun hantsi har la'asar ita ce nas ɗin ɗakin kemo. Akwai maza a aikin, kuma suna da rana ƙwarai wajen dattawan da ba za su buɗe wa mace jikinsu ba, amma mata sun fi yawa, shi ya sa zan riƙa cewa ita.

Na san wannan sana'a ne a dalilin gwaggona. Sankarar mama ta kama ta, aka yi mata aiki, sannan na yi ta rakiyarta wani babban asibiti duk bayan mako uku har zuwa shida. Kafin nan, a wurina nas nas ce kawai, mai farin kaya da allura.

Kullum muka je, abin farko shi ne a ɗora Gwaggo a sikeli. Na ɗauka al'adar asibiti ce kurum. Ashe da nauyi da tsawo ake fitar da faɗin jikin mutum, da faɗin jiki kuma ake lissafa yawan magani. Mai shan kemo yakan rame tsakanin zuwa da zuwa, in ramar ta yi yawa sai a koma wa likita ya sake lissafi, don abin da ya dace da mace mai kilo 70 yana iya yi wa mai kilo 58 yawa. Daga sikeli sai takardar gwajin jini. A zuwanmu na uku, mun baro gida tun asuba, nas ɗin, wadda muke kira Sista, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta zo ta durƙusa gaban Gwaggo.

"Inna, yau ba za mu ɗaura miki ruwa ba. Sojojin jininki sun yi ƙasa."

"Ɗiyata, kin san daga inda munka hito? Kuɗin mota hwa?"

"Na sani, Inna, ki yi haƙuri. In na ɗaura yau, zazzaɓin da ba ya kayar da kowa ke zai kayar. Ki ba ni mako ɗaya."

Ranar na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Daga baya na gane. Kemo kamar maganin feshin ciyawa yake, wanda bai san gero ba bai san ƙiri-ƙiri ba. Duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa a jiki yana kashe ta: ta daji, ta tushen gashi, ta fatar cikin baki, da ta ɓargo inda ake ƙera jini. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 da ɗaura ruwa fararen ƙwayoyin jini ke faɗuwa ƙasa warwas. A wannan tsakani, in zafin jiki ya kai digiri 38, ba a jiran gari ya waye, ana so maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shiga jijiya cikin awa guda da isa asibiti. Ita ta sa muka sayi ma'aunin zafi, ta koya wa 'yar Gwaggo karanta shi, ta kuma hana a ba ta farasitamol kafin a auna, don yana rufe zazzaɓi ya yaudari mutane.

Neman jijiya kuwa sana'a ce a cikin sana'a. Ba ta taɓa hannun ɓangaren da aka yi wa Gwaggo aiki. Ba ta son gaɓa, inda motsi zai gusar da kanula. Takan naɗe hannun da tsumma mai ɗumi, ta bi damtse da yatsa a hankali kamar mai laluben ƙaya, har ta sami jijiya mai laushi madaidaiciya. In kanula ta shiga sai ta tura ruwan gishiri, ta ja baya ta ga jini ya biyo, sannan ta ɗauko jan maganin nan, doksorubisin, wanda masu jinya ke kira jan ruwa. Da hannunta take tura shi, a zaune, kaɗan-kaɗan, tana tsayawa tana sake jan jini don ta tabbata har yanzu a cikin jijiya take. In ya tsiyaya waje da jijiya nama yake ci, ya bar gyambon da wani lokaci sai an yi dashen fata.

"Inna, akwai zafi? Akwai raɗaɗi wurin allurar?"

"Lahiya lau, ɗiyata."

Ta san amsar da za ta samu ke nan. Mace irin Gwaggo, wadda ta haihu tara ba a ji kukanta ba, ba za ta gaya wa 'yar cikinta cewa allura na mata zafi ba. Don haka Sistar tana tambaya da baki, amma idonta na kan goshin Gwaggo da yatsun ƙafarta. In ta ga yatsu sun lanƙwashe, ta tsaya.

Kafin mu tashi ta faɗa mata cewa fitsarinta zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, launin magani ne, kada ta tsorata. Ta faɗa mata gashi zai zube bayan kamar mako biyu zuwa uku, kuma zai sake tsirowa. Har shawara ta ba ta cewa ta tsefe kitson ta rage gashin da kanta a ɗaka, ta sa hular saƙa a ƙarƙashin ɗankwali, maimakon ya zube a hannun mai kitso, gari duka ya ji kafin azahar. Ban san a wane littafin jinya aka rubuta wannan ba.

Ita kanta nas ɗin cikin haɗari take. Maganin da ke kashe daji yana iya illata mai taɓa shi kullum, ta fata ko ta shaƙa, shi ya sa take sa safar hannu biyu da riga mai dogon hannu da takunkumin fuska, mai juna biyu kuma akan ɗauke ta daga haɗa magani. Ƙa'ida ita ce a haɗa shi a cikin akwati na musamman mai zuƙe iska. A asibitoci da yawa na ƙasar nan babu akwatin, kusa da taga ake tsayawa. Kuma kowane magani da halinsa. In jan ruwa ya tsiyaya, sanyi ake ɗora wa wurin. In binkiristin ne, ɗumi ake sawa. Shi binkiristin ɗin jijiya kawai yake bi, in aka yi kuskure aka zuba shi a ruwan laka, kamar yadda ake yi da wasu magungunan sankarar jini, mutuwa ce. Saboda irin wannan ne mutum biyu ke karanta sunan maras lafiya da sunan magani da yawansa a bayyane kafin a ɗaura. Ita ce kuma mai wanke gyambon da ya fashe yana wari har dangi sun ƙaurace wa ɗakin, ta daka ƙwayar filajil ta barbaɗa, warin ya lafa, mutane su dawo su zauna kusa da ɗan'uwansu. Ita ke lallashin iyali su yarda a ba mai ciwo mofin na sha duk bayan awa huɗu, ta fahimtar da su cewa rage masa azaba ake yi, ba sallamarsa ba.

Karatun jinya na farko ba ya ba da wannan duka. Yarinyar Jabo da ta gama sakandare da sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku tana iya shiga kwalejin jinya ta Tambuwal, nan kusa da gida, ko ta Sakkwato, ko ta yi digirin shekara biyar a jami'a, ta ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, ta zama nas mai rajista. Bayan ta yi aiki ne take komawa karatun ƙwarewa. Yawanci ungozoma ake zaɓa, ko ɗakin tiyata, ko ido, ko ƙwaƙwalwa. Fannin ciwon daji yana da makarantarsa a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, amma waɗanda ke fitowa daga irin wannan karatu ba su kai ko kusa da buƙata ba. Da yawan masu tsaye a ɗakunan kemo a Arewa a bakin aiki suka koya, daga hannun manyansu, sai ɗan taron bita na kwana uku ko mako guda in an samu.

Ga kuma yawan masu zuwa. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2022 ya nuna kusan mutum 128,000 suka kamu a Nijeriya a shekarar, kusan 80,000 suka rasu. Sankarar mama ce kan gaba, sai ta 'yar mafitsarar maza, sai ta bakin mahaifa. Mu a nan madogararmu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mai sashen gashin daji da na'ura da na kemo, inda mutanen Kebbi da Zamfara da ma na Jamhuriyar Nijar ke zuwa. Daga wannan sashe ne aka ɗauko Usman Malami Aliyu a 2023 ya shugabanci Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa. A watan Yulin 2025 an buɗe sabuwar cibiyar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Duk abin murna ne. Sai dai na lura ranar buɗe gini na'ura ake ɗauka hoto, ba na jin ana lissafa nas nawa aka horar da za su tsaya kusa da ita.

Koyon gani ya ɗan riƙe mu a kan kemo, domin an shekara da shekaru ana bayar da shi, manya sun ga halinsa sun gaya wa ƙanana. Yanzu ga wani irin magani na shigowa wanda manyan ma ba su saba da shi ba, wato maganin tayar da garkuwar jiki, imunoterafi.

Abin mamaki, tsohon samfurinsa yana jikin kusan kowannenmu. Ka duba damtsenka na hagu, za ka ga tabon allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai. An fara ba wa jariri ita a birnin Faris a 1921. A 1976 wani likitan mafitsara a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna cewa in aka zuba wannan raunanniyar ƙwayar cuta a cikin mafitsarar mai sankara, garkuwar jiki kan taso mata da yaƙi, ta haɗa da dajin ta cinye. Har yau ana yi. Haɗin daban ne da na jarirai, kuma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Nas ke zura robar fitsari a hankali, in ta ga jini ta fasa sai wani mako, domin ƙwayar tana da rai, in ta sami ƙofa ta shiga jini tana iya kwantar da mutum. Maras lafiya ya riƙe ruwan har awa biyu, sau ɗaya a mako, mako shida. Takardar da ke zuwa da maganin tana maganar zuba bilic a masai mai ruwa a jira kafin a kora. Mutumin Kebbe salga gare shi da buta. Nas ce za ta mayar da umarnin yadda zai yi aiki a bayan gidansa: ya tsuguna kada fitsari ya fallatsa, ya zuba bilic, ya ware butarsa a ranar, ya wanke hannu da sabulu.

Ciwon mafitsara ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Binciken likitocin asibitin koyarwa ya daɗe da nuna cewa yana sahun gaba cikin dajin da ke kama maza a wannan yanki, kuma tsargiya ce ummul'aba'isi. Duk wanda ya yi ƙuruciya a fadama ya san ta. Muna yara in fitsarin yaro ya fita da jini bayan wankan tafki, har cewa ake yi ya fara zama namiji. Ƙwan tsutsar kan maƙale a bangon mafitsara, ya yi ta gurzarsa shekara ashirin, talatin, har wurin ya juye daji. Abin takaici, irin dajin da tsargiya ke haifarwa yakan nutse cikin nama tun kafin a zo asibiti, BCG kuwa mai kwance a sama-sama take kamawa. Ƙwayar firazikwantel da ake raba wa 'yan makaranta kyauta ta fi mana ita amfani.

Sabon samfurin da duniya ke magana a kansa daban yake. Tun 1891 wani likita a New York, William Coley, ya riƙa yi wa masu daji allurar ƙwayoyin cuta don zazzaɓi ya tayar da jiki, wasu suka samu sauƙi, amma ba a gane dalili ba. Sai bayan shekara ɗari James Allison a Amurka da Tasuku Honjo a Jafan suka gano inda gizo ke saƙa. Sojojin jini suna da takunkumi na halitta, wanda ke hana su cizon jikin da suke gadi. Daji kuma ya iya wayo, yakan laluba wannan takunkumi ya ɗaure musu shi, ya zauna a gabansu yana girma. Maganin nan takunkumin yake kwancewa. An amince da na farko, ipilimumab, a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014, mutanen biyu kuma suka sami kyautar Nobel a 2018. Dattawanmu da suka sha fama da kurkunu sun san Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka da ya yi yaƙi da ita har aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita a 2013. A 2015, yana da shekara 90, aka sami dajin fata ya kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa aiki da gashi, aka ɗora shi a kan pembrolizumab. Sai a Disambar 2024 ya rasu, yana da shekara 100.

Kada wannan labari ya ruɗi kowa. Mafi yawan waɗanda aka ba maganin ba ya yi musu irin wannan aiki, kuma dajin fatar da ya fi kama baƙar fata, mai fitowa a tafin ƙafa, ba ya jin sa kamar na Turawa. Amma akwai inda muke da rabo. Binciken da likitocin Ile-Ife suka yi da asibitin Memorial Sloan Kettering na New York, wanda aka buga a 2021, ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu sankarar babban hanji da suka duba a Nijeriya suna da nau'in da wannan magani ya fi kamawa, kusan ninki biyu na abin da aka gani a marasa lafiyar Amurka.

A ɗakin ɗaura ruwa, maganin ba shi da wahala ko kaɗan. Miligiram 200, minti 30, duk mako uku. A firji yake zama tsakanin digiri 2 da 8, ba a girgiza kwalbar. Gashi ba ya zuba, amai bai cika zuwa ba, mutum ya sauko daga kujera ya nemi abinci. Wanda ya kalli wannan zai ce aikin nas ya ragu. Ni kuwa ina ganin a nan ya fi nauyi, don karen da aka kwance wa takunkumi ba ɓarawo kaɗai yake cizo ba, wata rana ɗan gida zai kama. Garkuwar da aka saki tana iya afka wa hanji, ko huhu, ko hanta, ko maƙoshi, ko fata, ko zuciya. Illar kemo tana da kalanda, nas na iya nuna maka ranar da za a kula. Wannan ba ta da rana. Tana iya zuwa bayan mako uku, ko wata biyar, ko bayan an daina maganin ɗungurungum.

A ƙaddara wani magidanci ne daga ƙasar Kebbe, 'ya'yansa sun yi karo-karo an ɗaura masa sau uku, ya dawo gida. Ranar wata Laraba zawo ya kama shi, sau biyar, sau shida a yini. Me za a ce? Taifot. A aika yaro kemis ya karɓo filajil da maganin tsayar da zawo. Kwana huɗu abu na gaba, an fara ganin jini, a kai shi asibitin sha-ka-tafi a ɗaura ruwa, a ƙara wani maganin taifot. Ma'aikacin lafiyar bai yi ganganci ba, abin da ya saba gani ya yi wa magani, kuma sau tara cikin goma da ya dace. Amma wannan hanji garkuwar jikin mai shi ke cin sa, maganinsa kuwa a dakatar da ruwan a ba shi firednisolon mai yawa a ƙarƙashin kulawar likita. In aka makara hanji na iya hujewa. Haka tari da haki za a ce sanyi ne ko tarin fuka, alhali huhu ne ya kumbura. Ido ya yi rawaya a ce shawara, a nemo jiƙo. Kasala da jiri a ce rashin jini. Ƙishirwa da yawan fitsari a ce zafin bazara, alhali ciwon suga ne ya faɗo farat ɗaya. Duk illolin maganin suna sanye da rigar cututtukanmu na yau da kullum. Kuma ba za a ce kowane zawo na magani ne ba, domin taifot ɗin ma tana nan, zazzaɓin cizon sauro na nan. Sai an gwada an bambance, da sauri.

To wa zai gano? Wadda ta iya tambaya. In ka ce wa Bahaushe yaya jiki, da sauƙi zai ce, ko yana kan gargara. Nas ɗin da ta san aikinta ba ta tsayawa nan. Baba, kafin a fara maganin nan sau nawa kake zagayawa a yini? Jiya fa, sau nawa? Ka tashi cikin dare? Da kake zuwa masallaci, kana isa ba ka tsaya ba, ko yanzu sai ka huta a hanya? Lamba take nema, domin da lamba ake auna tsananin abin: ƙarin zagaye huɗu a kan na kullum ya isa a dakatar da magani, bakwai kuwa kwanciya ce a asibiti. Tana tambayar abin da yake sha a gida, ba da faɗa ba, don in ta yi faɗa za a ɓoye mata. Tambayar na da dalili. Ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da wasu haɗe-haɗen ciwon gaɓɓai na kasuwa, galibi akwai dekza a ciki, dangin firednisolon, mai kwantar da garkuwar jiki. Iyali su ga mutum ya rame su sayo masa don tausayi, ba su san suna mayar da takunkumin da aka kashe miliyoyi aka kwance ba. Kafin a fara kuma sai ta tabbata an yi gwajin ciwon hanta nau'in B, an duba tarin fuka, saboda ranar da aka buƙaci firednisolon mai yawa, waɗannan biyun kan farka daga barci, kuma dukansu suna da yawa a cikinmu.

Akwai wata al'adarmu da wannan magani ba zai zauna da ita ba. Sau da yawa 'ya'ya kan ja nas gefe su ce, Sista don Allah kada ki gaya masa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. A kemo akan lallaba a haka, ko da yake ban yarda da shi ba. A nan kuwa maras lafiya shi ne mai gadin kansa. In bai san abin da aka sa masa ba, ba zai san zawon Laraba abin faɗa ba ne. A Turai kati ake ba shi ya sa a aljihu, ya nuna wa duk likitan da ya gani. Namu katin in da Turanci aka rubuta, rabin aikinsa ya tafi. A yi shi da Hausa, da boko da ajami, domin dattijon da ba ya karanta boko a Jabo yana karanta ajami sarai, a sa lambar wayar da in an kira ƙarfe biyun dare za a ɗauka. Kuma horon ya sauko har kan ma'aikacin lafiya na ƙauye da mai kemis, ko da jimla ɗaya ce za su riƙe: in ka ga mai wannan kati, kira kafin ka ba da ƙwaya.

Za a ce ina maganar abin da talaka ba zai taɓa gani ba. Akwai gaskiya a ciki. A Amurka ɗauri ɗaya na pembrolizumab ya haura dala 10,000, kuma akan yi har shekara biyu ana ɗaurawa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024. Asusun tallafa wa masu daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 daji uku ya ɗauka a farko, na mama da na bakin mahaifa da na 'yar mafitsara, a asibitoci shida, mafi kusa da mu Zariya. Amma farashi ba ya dawwama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan magani a jerin magungunan dole tun 2019 don dajin fata, ta faɗaɗa a 2025 har da na bakin mahaifa. Daga 2028 haƙƙin mallakar kamfanin zai fara ƙarewa, wasu kamfanoni su fito da nasu. Ko yanzu masu hali suna zuwa Masar da Indiya a ɗaura musu, su dawo gida da illar a jikinsu tana jiran ranarta. Kwalba kwana ɗaya take yi a jirgi. Nas kuwa shekaru ake yi ana gina ta, kuma waɗanda aka gina ɗin tafiya suke yi. A farkon 2024 magatakardan hukumar jinya na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas 42,000 suka bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Wadda ta ƙware a fannin daji tana cikin waɗanda Ingila da Saudiyya suka fi nema. Ban ga laifinta ba.

Gwaggo ta gama ruwanta shida, aka yi mata gashi, gashin kanta ya dawo fari-fari mai laushi kamar na jariri. Da azumi ya zo ma sai da ta sa na kira Sistar a waya ta tambaye ta ko za ta iya ɗauka, ta ce ta tambayi likita da malaminta, amma in ta ji jiri ta sha ruwa. Bayan wata shida muka koma a duba ta. Ta riƙo man shanu a kwalba da ƙwan zabi goma sha biyu a cikin ƙwarya, an shimfiɗa musu dusa kada su fashe a mota. Muka leƙa ɗakin kemo, muka tarar da wata yarinya da ba mu sani ba tana ɗora wani dattijo a sikeli. Muka tambayi tamu, aka ce ta tafi Ingila wata biyu da suka wuce.

Gwaggo ta yi shiru, ta dubi ƙwaryar, ta dubi yarinyar.

"Ɗiyata, ke anka bar ma aikin?"

"Ni ce, Inna."

"To amshi wanga. Ta koya miki neman jijiya kahin ta tahi?"